Golan Dare Ɗaya da Golan Shekara Goma

A Kusa, nan bakin iyakar Jibiya da Jamhuriyar Nijar, haka ma a Magama da cikin garin Jibiya, gardamar ƙwallo ba ta ƙarewa don alƙalin wasa ya hura usur na tashi. Ana kashe janareton gidan kallo sai ta koma teburin mai shayi, kuma idan an gaji da batun wanda ya fi zura ƙwallaye, akan faɗa wata tambayar da ta fi daɗin ja: a duk tarihin ƙungiyarka, wane gola ne ya fi kwanta maka a rai? Amsoshin ba su cika canzawa ba. Ɗan Chelsea zai ce Petr Cech. Ɗan Manchester United zai tsaya tsakanin Schmeichel da Van der Sar. Ɗan Madrid zai ce Casillas tun kafin a rufe baki, ɗan Arsenal kuma ya ambaci Seaman ko Lehmann gwargwadon shekarunsa. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, yawancin waɗannan amsoshi a kan dare ɗaya aka gina su, alhali aikin gola aiki ne na shekaru. Wannan gajeren ma'auni ba ya yi wa golan Turai wata illa, domin an adana sauran tarihinsa ga mai son dubawa. Golanmu na gida ne yake cutarwa, har ta kai ga da wuya ka ji an sa sunan wanda ya tsare wa Katsina United raga a cikin gardamar, ga shi kuwa filin wasanta na Muhammadu Dikko da ke Karkanda ba wata doguwar tafiya ba ce daga Jibiya.

Sai an fara da fahimtar yadda aikin yake. Ɗan wasan gaba idan ya ƙware, ƙwarewarsa tana fitowa a kan allo: ƙwallo ta shiga, an rubuta sunansa da mintin da ya ci. Gola kuwa, mafi yawan abin da ya iya ba ya barin sawu. Dubi abin da ke faruwa kafin a bugo kwana. Yana tsaye a tsakiyar raga, ya ɗan karkata jikinsa wajen fili, yana nuna wa wannan turken kusa, yana daka wa wancan tsawa ya riƙe dogon nan da ya taso daga baya. Ƙwallo ta taso, ya yi taku biyu, ya ɗaga murya don nasa su kauce, ya cafke ta a sama kafin ta isa kan kowa, sannan ya faɗi a kanta ya ɗan kwanta har numfashin 'yan bayansa ya dawo. Babu wanda zai tashi daga benci saboda wannan, kuma talabijin ba zai maimaita shi ba. Amma da ya yi jinkirin taku ɗaya, da an sa mata kai, da sai ya yi irin tsallen da za a yi mako guda ana nunawa. Sau da yawa tsallen da ke burge 'yan kallo gyara ne na kuskuren tsayuwa, wanda ya tsaya daidai kuwa ƙwallo kan zo ta same shi a ƙirji, a ce maharin ne ya buga masa a hannu. Raina gurbin ma tun daga unguwa yake farawa: a filin da takalma biyu ke zama raga, wanda ake turawa gola shi ne ƙaramin cikin yara ko wanda ba a son ba shi fasin. Duniyar ƙwallo ba ta yi nisa da yaran nan ba, tunda gola ɗaya ne tak ya taɓa karɓar Ballon d'Or, wato Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet a 1963.

Tunda aikin yau da kullum ba ya kama ido, ƙwaƙwalwar mai kallo takan nemi wani abin da za ta riƙe, abin da ta fi samu kuwa shi ne daren bugun fenareti. Liverpool ce misalin da ya fi fitowa fili. A Istanbul, ranar 25 ga Mayun 2005, AC Milan ta tafi hutun rabin lokaci da ci uku da nema, Liverpool ta farke duka, Jerzy Dudek ya hana Shevchenko ci sau biyu a jere dab da ƙarewar ƙarin lokaci, sannan ya tare bugun Pirlo da na Shevchenko a fenareti. Har gobe ana ambaton sunansa da wata irin ƙauna. Sai dai mahukuntan ƙungiyar, waɗanda ke kallonsa a atisaye kullum, ba su jira damina ta zagayo ba suka sayo Pepe Reina daga Villarreal, Dudek ya koma benci. Reina ya yi kaka uku a jere yana karɓar kyautar golan da ya fi yawan wasannin da ba a ci shi ba a Firimiya, amma ba shi da dare irin na Istanbul. Kafin su duka akwai Ray Clemence, wanda ya buga wa ƙungiyar wasa 665, ya ɗauki kofin zakarun Turai sau uku, kuma a kakar 1978/79 ƙwallo 16 kawai aka zura masa a wasa 42. Idan aka jera sunayen nan uku a gidan kallo, Dudek ne zai fi samun shewa. Haka abin yake ga Van der Sar, wanda ake tunawa da tare bugun Anelka a Mosko a 2008 fiye da duk kakannin da ya yi yana daidaita 'yan bayan United, da Cech, wanda daren Munich na 2012, inda ya kama fenaretin Robben, ya fi komai tsayawa a ran 'yan Chelsea.

Ma'aunin da ke ɗaga mutum a dare ɗaya yana iya kayar da shi a dare ɗaya, kuma a nan ne rashin adalcinsa ke fitowa. Brazil ta shafe shekara hamsin tana ɗora wa Moacir Barbosa laifin ƙwallon da Ghiggia na Uruguay ya ci a Maracana a 1950, har ya bar duniya a 2000 bai fita daga ƙarƙashinta ba. Loris Karius ya yi kuskure biyu a wasan ƙarshe da Real Madrid a Kyiv a 2018, daga baya likitoci suka ce ya samu buguwa a kai ana cikin wasan, amma bai sake tsare wa Liverpool raga a wasan gasa ba. Ba sai mun je nesa ba ma. Mutanen Maraɗi da Ɗan Isa, waɗanda ke haɗuwa da na Jibiya a kasuwa ɗaya, suna da nasu misalin a Kassaly Daouda, golan Mena ta Nijar. A gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, ya riƙe Mali har kusa da tashi, sai ya kasa riƙe wata ƙwallo da aka kwaso daga gefe, Seydou Keita ya tura ta raga, Nijar ta sha kashi da ci ɗaya. Bayan kwana huɗu, a filin nan na Port Elizabeth dai, shi ne ya tsaya wa Dieumerci Mbokani da sauran maharan Kwango a wuya aka tashi babu ci, Nijar ta samu makinta na farko a tarihin gasar. Mutum ɗaya ne, mako ɗaya ne, hannaye ɗaya ne. Wanda ya kalli wasan farko kaɗai zai ce a canza shi, wanda ya kalli na biyu kaɗai zai ce babu kamarsa, kuma dukansu ba su san Kassaly ba. Wanda ya san shi shi ne wanda ya bi shi tun yana Coton Sport ta Garwa, lokacin da suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 Al Ahly ta doke su, ya kuma gan shi a wasannin neman gurbin 2012, inda Nijar ta ci Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu a Yamai ta je gasar karon farko.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce ta Stanley Nwabali, domin a ƙofar gidanmu abin ya faru. Kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022, Katsina United yake tsare wa raga. A ƙarshen kakarsa ta ƙarshe a can ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasar Najeriya, tare da Kano Pillars da Heartland da MFM. Golan ƙungiyar da ke fafutukar tsira yana ganin hari a wasa ɗaya fiye da wanda golan zakara ke gani a wasa uku, amma ba a yi wa wanda ya faɗi waƙa, kuma Nwabali ya bar Katsina ba tare da ƙasa ta san sunansa ba. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 7 ga Fabrairun 2024, a Bouake ta Kodebuwa, ya tare bugun Teboho Mokoena da na Evidence Makgopa, Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka. A daren nan babu gidan kallon da ba a kira sunansa ba, daga Legas har bakin iyaka. Tabbas ya ƙaru a Afirka ta Kudu, inda fili ya fi kyau, horo kuma ya fi tsari. Amma tsawonsa da saurin hannunsa da dakewar zuciyarsa ba a wata goma sha takwas aka ƙera su ba. Da su ya tsaya a Karkanda. Abin da ya samu a Bouake kuma bai samu a Katsina ba shi ne kyamara, da miliyoyin idanu, da wasan da ya ƙare da fenareti. Idan har gola irin wannan zai iya wucewa ta ƙungiyarmu ba mu lura ba, to ya kamata mu tambayi kanmu su wa suka wuce kafinsa waɗanda Allah bai nufe su da daren Bouake ba. Kassaly kansa, bayan duk yawon da ya yi, ya tsallako iyaka a ƙarshen shekarun wasansa ya sa rigar Katsina United. Ga golan da ya fi kowa suna a tarihin Nijar, ga wanda ya zama na ɗaya a Super Eagles, duk sun ratsa ƙungiya ɗaya cikin 'yan shekaru, amma gardamar teburin mai shayi ba ta san da zamansu a can ba.

Mai ja zai ce na rage wa fenareti daraja. Zai ce a nan ne ake gane namiji, domin babu 'yan baya, babu uzuri, daga kai sai mai bugu, ga kofi a ajiye a gefen fili. Akwai gaskiya a ciki. Tsayawa a layin raga a irin wannan lokaci yana buƙatar nutsuwa, kuma golan zamani yana nazarin inda kowane ɗan wasa ya saba bugawa. Amma masu horarwa da kansu sun nuna mana cewa tare fenareti fanni ne dabam da tsaron raga. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na 2004 a Abuja, Enyimba ta cire Vincent Enyeama dab da bugun fenareti ta sa Dele Aiyenugba, kuma ta doke Etoile du Sahel ta riƙe kofinta. Babu mai hankalin da zai ce wannan ya sa Aiyenugba ya fi Enyeama, mutumin da ya buga wa Najeriya wasa 101, ya hana Messi ci a Johannesburg a 2010 har aka ba shi gwarzon wasan duk da Najeriya ce aka ci, ya kuma yi wasa 11 a jere a gasar Faransa ba a zura masa ba yana Lille. Louis van Gaal ya yi irin wannan a gasar duniya ta 2014, ya sa Tim Krul a madadin Cillessen don fenareti kawai a wasan Holan da Costa Rica. Bayan haka, tazarar yadi 12 ba ta barin gola ya jira ya ga inda ƙwallo ta nufa. Dole ya zaɓi gefe tun kafin a taɓa ta. Duk wanda ke zaɓen gefe kuwa, wata rana zai dace, wata rana ba zai dace ba. A yaba wa wanda ya dace, amma kada a mai da dacewar minti goma ta zama hukunci a kan rayuwar aiki gaba ɗaya.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce, to a bar son rai a koma ga alƙaluma: a ƙirga wasannin da ba a ci kowane gola ba, wanda ya fi yawa shi ne gwani. Wannan ma ba ya warware matsalar, domin wasan da aka tashi ba a ci ƙungiya ba aikin mutum goma sha ɗaya ne. Cech ya yi wasa 24 ba a ci shi ba a kakar 2004/05, Chelsea kuma ƙwallo 15 kawai ta sha, amma a gabansa akwai Terry da Carvalho da Makelele, ga Mourinho da ya gina ƙungiyar a kan tsaro. Victor Valdes ya karɓi kyautar golan da aka fi ƙarancin ci a Sifaniya sau biyar, ya ɗauki kofin zakarun Turai sau uku, duk da haka 'yan Barcelona da yawa ba sa saka shi a sahun jarumansu, suna cewa Xavi da Iniesta ba sa barin abokan hamayya su taɓa ƙwallo balle su kai masa hari. David de Gea kuwa ya yi yawancin shekarunsa 12 a bayan tsaron da ke yoyo, bayan tafiyar Ferguson, kuma kofin Firimiya ɗaya kawai ya ɗauka. A nan magoya bayan United sun yi abin da ya dace: sau huɗu suka zaɓe shi gwarzon ƙungiya na shekara, domin suna kallonsa kowane mako, sun ga wasannin da ya kamata a ci su uku aka tashi da ɗaya. Da daren Gdansk na 2021 kawai aka sani, inda bai tare ko ɗaya daga bugu 11 na Villarreal ba sannan aka tare nasa, da an yi masa hukuncin da aka yi wa Karius.

Misalin De Gea ne ke nuna ma'aunin da nake ganin ya fi adalci, wato daɗewa a gaban idon mutane ɗaya. Babu kocin da ke riƙe gola shekara goma don tausayi. Kociyoyi suna zuwa suna tafiya, kowanne da nasa ra'ayin, ana sayo matasa don su ƙwace gurbin, amma idan mutum ya ci gaba da tsayawa a raga, to waɗanda suka fi kowa sanin aikin sun yi ta sabunta masa shaida ke nan. Daɗewa tana kuma bai wa mai kallo damar ganin abin da dare ɗaya ba ya nunawa: yadda gola ke dawowa mako guda bayan babban kuskure, yadda yake tafiyar da sababbin 'yan baya, yadda yake tsayawa a wasan waje lokacin da filin gaba ɗaya ke zaginsa. A arewa muna da mutum irin wannan. Theophilus Afelokhai ya yi kusan shekara goma a Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, har ya riƙe kyaftin, kafin ya koma Enyimba, kuma shi ne a raga lokacin da Sai Masu Gida suka ɗauki kofin gasar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Zamansa ya faɗo cikin shekarun da Pillars ta yi wasa 202 ba a doke ta a gida ba, daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Kowa ya san cin wasan waje a gasarmu yana da wuya saboda dalilan da ba duka ne na ƙwallo ba, don haka ban ɗauki adadin nan a matsayin shaidar gola kaɗai ba. Abin da na ɗauka shi ne, ba Bahaushe ba ne, amma jama'ar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sun riƙe shi a matsayin nasu, kuma ba wani dare guda ne ya saya masa wannan ba. Ganinsa suka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, har ya zama idan an ce ragar Pillars shi ake gani.

Me ya sa irinsa suka yi ƙaranci? Dalili na farko shi ne ƙungiyoyinmu ba sa riƙe mutum. Yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne, shugabancinsu yana canzawa da canjin siyasa, kowace kaka kuma a kwaso sababbin 'yan wasa a sallami tsofaffi. Bai dace a zargi ɗan wasan da ya tafi ba. Sana'ar gajeriya ce, albashi kan makale, doguwar tafiya a mota kuma tana da haɗarinta: a Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Wanda aka yi wa tayi daga Afirka ta Kudu a irin wannan hali ba zai tsaya don a so shi a Karkanda ba. Dalili na biyu, wanda ya fi ci mini rai domin ya fi sauƙin gyarawa, shi ne rashin adana tarihi. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Najeriya sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ta kara da Shooting Stars da Julius Berger da BCC Lions. Ba ta ɗauki kofin ba, amma kaiwa wannan mataki shekara uku a jere babban abu ne, kuma ba a yin sa sai da gola mai riƙe amana. Matashin da zai jera maka golan Manchester United tun daga Schmeichel har zuwa Onana ba tare da ya yi tuntuɓe ba, tambaye shi wanda ya tsaya wa ƙungiyar jiharsa a waɗannan wasanni uku. Ba laifinsa ba ne idan ya yi shiru. Tsallen da Schmeichel ya yi a 1999 yana cikin wayarsa, yana iya kallonsa yau da daddare. Na golan Katsina kuwa yana cikin kan dattawan da suka je filin ne kawai.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan gidajen kallo, su ce ƙwallon Turai ce ta kashe ta gida. Ban yarda da su ba, ko da yake na fahimci takaicinsu. Mai gidan kallo ɗan kasuwa ne, ya sayi mai, ya biya kuɗin tasha, abin da tauraron ɗan'adam ya kawo shi zai nuna. Gasar Najeriya ta yi kakanni ba a nuna ta a kai a kai, ko an nuna ma da kyamarar da ba ta kama abin da gola ke yi. Soyayyar ƙungiyoyin Ingila ba daga sama ta faɗo ba: Kanu ne ya jawo dubban 'yan Najeriya zuwa Arsenal, Mikel Obi ya jawo wasu zuwa Chelsea, daga nan suka saba da sauran 'yan wasan har da masu tsaron raga. A gari irin Kusa akwai wani dalilin kuma. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon lokacin nan, ga matsalar tsaro da ta sa tafiyar yamma ta zama abin tunani, zuwa kallon wasa a Katsina ko a Maraɗi ya yi wa mutane da yawa wuya, wasan Landan da na Madrid kuwa bai fasa isowa ba ko sau ɗaya. Mutum yana shaƙuwa da wanda yake gani. Gidan kallo bai ƙwace wa golan gida masoya ba; babu wanda ya kawo golan gida gidan kallo tun farko.

Ja na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar amsawa. Za a ce tambayar ai ba wanda ya fi ƙwarewa ba ce, wanda ya fi kwanta maka a rai ne, so kuwa ba ya neman hujja. Idan mutum ya ce Dudek ne nasa saboda a daren nan ya yi farin cikin da bai taɓa yi ba, wa ke da ikon ce masa ya yi kuskure? Babu, kuma ba ina neman a ƙwace wa kowa darensa ba ne. Amma so ma yana da abin da yake ginuwa a kai. Ɗan Madrid da ke ƙaunar Casillas saboda shigowarsa daga benci a wasan ƙarshe na 2002 a Glasgow, inda ya hana Leverkusen farkewa, yana da wasa 725 a bayan wannan ƙauna da za su tsaya mata. Ko daren Glasgow ya dushe, sunan ba zai ɓace ba, domin ƙungiyar ta rubuta, ta ɗauki hoto, ta ajiye. Golan Katsina United ko na Dan Kassawa ta Maraɗi ba shi da wannan madogara. Idan dare ɗaya ne kaɗai hanyar shiga zuciya, shi kuma ba a nuna darensa a ko'ina ba, to an rufe masa ƙofa tun kafin ya sa safar hannu. Saboda haka idan muka ce so ba ruwansa da hujja, a aikace muna cewa ne wanda kyamara ta zaɓa mana shi za mu so. Peter Rufai, da ya rasu a Yulin 2025, ya tsira daga wannan don ya tsaya wa ƙasa ne: ƙwallo huɗun da Denmak ta zura masa a 1998 ba su shafe kofin Afirka na 1994 ba, domin duka biyun suna nan a ajiye. Takwarorinsa da suka ƙare wasansu a ƙungiyoyin jihohi ba su samu ko ɗaya ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin da ƙungiya ba ta da shi. Katsina United tana iya bai wa golan da ta yarda da shi kwantiragin shekara uku ta kuma biya shi a kan lokaci, maimakon a sake sabon lale kowace kaka. Tana iya ajiye kyamara ɗaya a bayan raga a kowane wasan gida, ta yanko abin da golanta ya yi ta sa a Facebook, inda matasan Jibiya da na Ɗan Isa suke ko da iyaka a rufe take. Gidajen rediyon Katsina, da ke da shirye-shiryen wasanni masu farin jini, suna iya gayyato waɗanda suka buga wasannin ƙarshe na 1995 zuwa 1997 su faɗi wanda ya tsaya a raga, da abin da ya tare a hanyar zuwa can, da yadda aka ci su, a naɗi muryoyinsu a ajiye. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin ɗan wasan da ke da shekara 25 a 1995 ya kai 55 a 2025, waɗanda suka horar da su kuma sun girme su nesa ba kusa ba.